Kwabar Littattafan Malam Mahmuda

Bawa kafinta ya san Alhaji Abdussalam tun ana kiransa Audu. Tare suka yi karatu a zauren Malam Mahmuda a Moriki, Bawa ɗan maƙwabta, Audu kuwa ɗan gida, autan Malam. Abin da Bawa ya fi tunawa a wancan zamani shi ne babu wanda ya kai Audu iya sulalewa ta ƙofar baya da zarar Malam ya tashi alwala. Shi ma Bawa bai yi nisa a karatu ba, amma bai taɓa cewa ya yi ba. Ya bar Moriki yana saurayi, ya koyi aikin katako a hannun wani Bayarabe a Ƙaura, daga baya ya buɗe shagonsa a bayan tashar jirgin ƙasa. Nan ya shekara ashirin da ɗoriya yana haɗa gadaje da ƙofofi da bencin makaranta. Mutum ne mai iya aiki, mai kuma jin kansa da iyawar. In ya ba ka shawara ka ƙi ɗauka, ba ya maimaitawa.

Audu ya yi boko, ya zama malamin firamare a Zurmi, yana hawan wani keke mai kukan tsiya. Da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, kujeru suka yi yawa a Gusau, masu zama suka yi kaɗan, sai wata ta faɗo masa. Ba wanda ya san takamaiman abin da yake yi a ofishin. An dai ga keke ya koma babur, babur ya koma mota, an ga ya je Makka ya dawo da haƙori mai ƙyalli. Shekara uku bayan haka aka ƙaddamar da Shari'a, sai kwatsam ya tuna ashe shi ɗan malam ne. Gemu ya toho, wando ya ɗage, carbi ya koma hannu ba ya sauka. Ya daina amsa Audu. Duk inda aka zauna, kafin a gama gaisawa ya kawo sunan mahaifinsa sau biyu.

Ya gina gida a Ƙaura, a gefen hanyar Shinkafi, a kan wata tsohuwar gona da aka baje shurinta aka zuba siminti a kai. Falon kaɗai ya ishi a yi sallar jam'i. Aka shimfiɗa kafet, aka jera kushin, amma Alhaji ya ga akwai sauran abu guda. Manyan da yake shiga gidajensu a Gusau kowa da kwabarsa ta gilashi cike da littattafai a bayan kujerarsa. Shi kuwa yana da abin da ya fi nasu: littattafan Malam Mahmuda, rubutun hannu, wasu tun na kakansu.

Littattafan suna Moriki a hannun yayarsa Hindu. Tun da mijinta ya rasu ta koma gidan mahaifinsu, tana karantar da matan aure da hantsi da kuma bayan la'asar. Ita ce ta zauna gaban Malam har ya bar duniya, ita ce kuma kaɗai a cikin 'ya'yansa ke iya buɗe kowace gafaka ta karanta abin da ke ciki, har da ƙananan bayanan da Malam ya rubuta a gefen takarda. Tana ajiye su a cikin adaka biyu na ƙarfe da ta ɗora a kan duwatsu. Duk wata sai ta fito da su sun sha iska, ta canza busasshen ganyen dogon yaro da take sakawa a tsakaninsu.

Wata ranar Asabar cikin bazara motar Alhaji ta tsaya a ƙofar shagon Bawa. Bai fito ba sai da direbansa Usmanu ya zagayo ya buɗe masa. Ya miƙa wa Bawa 'yan yatsu, ya ƙi zama a benci, ya ce kwaba yake so ta littattafan Malam, daga ƙasa har silin, faɗin bango guda, da ƙofofin gilashi. Kuma yana son ta cikin mako uku, don akwai walimar buɗe gida, manya za su zo.

Da Bawa ya ji littattafan Malam ne, sai ya ajiye zarto ya goge hannunsa. Ya ja Alhaji zuwa rumfar da ke bayan shago, inda yake jera katako a kan sanduna iska na bi ta ƙarƙashi. Ya nuna masa falankan maɗaci, jajaye, masu nauyi, na wata bishiya da iska ta kayar a wajen Jangeru damina biyu da suka wuce. Ya ce sun bushe har cikin zuciyarsu, ba za su lanƙwashe ba, ba za su tsage ba, ɗacinsu kuma ba ya barin ƙwaro ya ji daɗin zama. Ya ce in maɗaci ya yi wa Alhaji duhu, akwai dogon yaro busasshe, shi ma yana da nasa ɗacin, sai dai bai kai wancan kyau ba in an goge. Ƙafafu kuwa da kirya zai yi su, wadda ƙusa ma sai ta yi da gaske take shiga. Gawo da rimi ba a maganarsu, waɗannan sai dai akushi da kujerar tsakar gida. Ya ƙara da cewa mako uku ba zai isa ba, maɗaci ba ya son gaggawa, a ba shi mako shida.

Alhaji ya saurara yana jan carbi, yana duban silin rumfar kamar mai jiran a gama masa surutu. Da Bawa ya gama, sai Alhaji ya taɓa maɗacin da bakin takalminsa ya ce wannan ai itacen ƙofar zaure ne, irin na ƙauye. Shi fari yake so, mai sheƙi, irin wanda ya gani a gidan wani babba. Ya ma riga ya saya. Wani dillali a Gusau ya samo masa, ya tabbatar masa daga ƙasar waje aka kawo shi. Ya sa Usmanu ya buɗe bayan mota ya ɗauko guntu.

Bawa ya karɓa ya jijjiga shi a hannu, ba nauyi. Ya danna farcen babban yatsansa, farcen ya shige ya bar gurbi. Ya shinshina. Farin katakon kudu ne, wanda ake lodowa a tirela, ɗanye ma bai gama bushewa ba. Iyakar ƙasar wajen da katakon ya gani ita ce wajen garin da aka sare shi.

"Alhaji, wanga katako na akwatin sabulu ne," in ji Bawa. "In kwanoni za a jera, babu laifi. Amma takarda da wanga icce, cikin sabon gida bisa tsohuwar gona, gara za ka yi ma walima, ba mutane ba."

Akwai mutane a wurin: Usmanu, da mai faci na kusa, da wasu biyu da ke shan inuwa. Ɗaya ya yi 'yar dariya. Alhaji ya juyo a hankali.

"Bawa, aikinka bugun ƙusa. Zaɓe nawa ne. Kai da ka tsere ma allo ka kama zarto, yau kai za ka koya mani darajar littafin ubana?"

Bawa ya dube shi. Akwai amsa a bakinsa, amsar ƙofar baya da lokacin alwala, amma ya haɗiye ta. Ya ɗauko tef ɗin awo ya ce to, yaushe za a je a gwada bangon.

Daga nan bai sake cewa komai ba. Da suka je gidan, Alhaji ya ce ba ya son ƙafafu, yana son kwabar ta zauna daram a ƙasa, ta manne da bango kada a ga rata. Bawa ya duba gindin bangon, ya ga inda siminti ya yi ɗan tsagu, ya san abin da ke ƙarƙashi. Da wani ne, da ya ce a ɗaga ta ko da taƙi guda, a bar mata tazara da bango yadda tsintsiya za ta shiga. Ya ce to. A shagonsa akwai galan na baƙin mai, wanda yake shafa wa bayan kowace kwaba da ƙasanta don maganin gara kafin ta fita, ko mai ita bai nema ba. Ranar da ya gama bayan wannan, ya dubi galan ɗin, ya dubi farin katakon, ya ce a ransa mai zaɓe ya zaɓa. Ya bar shi yadda yake. So yake wata rana Alhaji ya dawo da kansa, a gaban mai faci da masu shan inuwa, ya ce Bawa ashe gaskiyarka.

Aikin kuwa ya yi kyau, wannan ba a hana shi. Ya goge katakon har yana ɗaukar ido, ya manna farar fomaika, ya sa gilashi da mariƙai masu ruwan zinari da ɗan kwaɗo a tsakiya. Kwana goma sha tara ya gama. Duk wanda ya wuce ta ƙofar shago sai ya tsaya. Kyan ɗan maciji ke nan.

Karɓo littattafan ya fi haɗa kwabar wuya. Hindu ta ce ba inda za su. Alhaji ya ce gadon kowa ne, ba nata ita kaɗai ba, shi ne kuma namiji. Ya ce ɗakinta na yoyo, alhali ba ya yi. Ya ce abin kunya ne a ce ilimin Malam Mahmuda na cikin adakar ƙarfe kamar kayan lefen tsohuwa, ga manyan malamai za su zo daga Gusau suna son su sa albarka. Da ta ƙi, sai ya ɗauko kawunsu Muhtari, dattijo mai son zaman lafiya wanda aka ba sabuwar riga a makon. Kawu ya ce aro ne kawai, a yi walima a dawo da su, kada a ji kansu a waje. Hindu ba ta iya musu da ƙanin mahaifiyarta. Ta ware guda huɗu da take karantarwa da su kullum, ta tambayi wa ya haɗa kwabar. Aka ce Bawa. Ta ce in dai Bawa ne to da sauƙi, ya zauna gaban Malam, ya san abin da za a sa a ciki.

Usmanu ne ya kawo wa Bawa wannan magana, a matsayin yabo, ranar da suka zo ɗaukar kwabar a a-kori-kura. Har Bawa ya buɗe baki, sai ya hango Alhaji a cikin mota gilashi a rufe yana duban agogo. Ya ce a ɗaga a hankali kada gilashin ya fashe.

Ranar walima an ci an sha. Alhaji ya jera littattafan da kansa, ba bisa abin da ke cikinsu ba, don bai sani ba, sai bisa girma da launin fata: manyan gafakoki a ƙasa, jajaye a tsakiya inda ido ke fara sauka, waɗanda suka koɗe a can sama. Ya sa kujerarsa a gabansu. Duk baƙon da ya shigo sai an kai shi ya tsaya, Alhaji ya nuna da carbi ya ce a cikin waɗannan ya tashi, da su aka yaye shi. Mai hoto ya ɗauke shi tsaye, ya ɗauke shi zaune, ya ɗauke shi dafe da gilashi. Wani malami tsoho daga Shinkafi, wanda ya san Malam Mahmuda, ya matso ya ce ko za a buɗe masa ya ga wani littafin rabon gado da marigayin ya taɓa nuna masa. Alhaji ya lalubi aljihu ɗaya, ya lalubi ɗaya, ya ce kash, makullin ya shige wani wuri cikin hidima. Tsohon ya dube shi, ya dubi aljihun da makullin ke motsi a ciki, ya koma ya zauna.

An yi walima, littattafai ba su koma ba. Hindu ta aiko, aka ce wasu baƙi na tafe. Ta sake aikowa, aka ce a bari hanya ta yi kyau, ruwa ya sauka kada su jiƙe. Ta je wurin Kawu Muhtari, ya ce haƙuri dai, 'yan'uwa ne. Alhaji kuwa Litinin zuwa Juma'a yana Gusau, makulli na aljihunsa. Matarsa Nadiya tana goge gilashin kullum da safe har ya yi ƙal, iyakar abin da aka ce ta yi ke nan. Daga waje gafakoki na nan a jere yadda aka sa su. Damina ta yi ƙarfi a shekarar, bango ya sha ruwa, ƙasan siminti ya yi sanyi.

Bawa kan tuna da kwabar in an yi ruwa mai yawa. Sau ɗaya har ya yi niyyar shiga motar Moriki ranar kasuwa ya gaya wa Hindu ta karɓe kayanta. Sai ya tuna za a ce ya kai ƙarar Alhaji wurin yayarsa, za a ce haushi ne. Ya kuma tuna, in aka kwashe littattafan, Alhaji ba zai taɓa sanin wa ya fi wani gaskiya ba. Ya fasa.

Sai da aka yanke gero Hindu ta zo da kanta. Ta sauka a tasha ranar Alhamis, ta taka har gidan, ta gaya wa Nadiya ba inda za ta sai mai makulli ya dawo. Ta kwana biyu. Ranar Asabar da hantsi Alhaji ya fito falo yana fara'ar dole, yana cewa ai da ta aiko kawai. Ta ce ta aiko sau biyar. Ta miƙa hannu, ya sa mata makullin.

Ƙofar ta ƙi buɗuwa da farko, katakon ya kumbura. Da ta fizga sai wani wari ya fito, irin na rami bayan ruwa. Ta durƙusa ta kama babbar gafakar da ke ƙasa da hannu biyu, don ta san nauyinta, sai gafakar ta taso mata sakayau. Bayanta babu. Abin da ya zubo a kan kafet jar ƙasa ce da ɓarɓashin takarda da fararen ƙwari suna neman mafaka. Gara ta fito ta tsagun siminti, ta shiga ta ƙasan kwabar, ta cinye katakon baya ta bar fomaika tsaye kamar ba abin da ya faru, sannan ta bi littattafan layi layi tana hawa. Layi biyu na ƙasa sun zama shuri. Na uku ta ci rabinsa. Na sama kaɗai ta bari, su ma ta fara gina hanyarta zuwa gare su.

Hindu ba ta yi kuka ba. Ta ce Inna lillahi a hankali, ta kwance mayafinta ta shimfiɗa, ta shiga ciro takardu ɗaya ɗaya tana karkaɗewa. Alhaji ne ya cika gida da hayaniya. Ya ce an cuce shi, an yi masa algus, a je a zo masa da Bawa yanzu.

Usmanu ya kawo Bawa da ƙurar katako a gashinsa. Wannan ita ce ranar da Bawa ya yi wata bakwai yana jira, amma da ya shigo ya ga abin da ke kan mayafin, sai ya manta da Alhaji, ya matso ya duba. Ya gane hannun Malam a wani guntun takarda, layi uku da rabi, sauran babu. Alhaji ya hau shi da faɗa. Ya ce yanzu ba da ba ce, akwai Shari'a a ƙasa, ha'inci ba ya wucewa haka nan. Ya ce ranar Litinin sai gaban alƙali, sai Bawa ya biya shi dukiyar ilimi da ba ta da misali.

Hindu ba ta ɗago kai ba ta ce, "Audu."

Ya yi kamar bai ji ba.

"Audu, in kun je, alƙali zai tambaye ka mi da mi garar ta ci. Faɗa mani sunan ukku daga ciki, in ji."

Alhaji ya ce ai suna da yawa. Ta ce ukku kawai. Ya ce akwai na fiƙihu. Ta ce wane daga ciki, na fiƙihu goma sha ɗaya ne. Ya gyara hula, ya ce ba a nan take ba, maganar katako ake yi. Usmanu da ke tsaye bakin ƙofa, ba wanda ya tambaye shi, ya ce shi dai a bayan motarsa aka ɗauko katakon daga Gusau, kuma yana wurin lokacin da kafinta ya ce na akwatin sabulu ne. Alhaji ya ce ya fita ya duba ruwan mota. Daga ranar ba a sake jin maganar alƙali ba.

Bawa ya ɗan saki numfashi. Sai Hindu ta juyo gare shi.

"Ashe ka sani."

"Na faɗa mashi, Malama. A gaban mutane na faɗa."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

"Ka san na wa za a sa ciki?"

Ya ce ya sani.

"Shi wannan wawa ne, kowa ya san haka tun yana yawo ba wando. Ba a fushi da wawa don ya yi wauta. Kai kuwa kana da hankali, ka ga rami, ka ja baya ka tsaya kallo don a ce ka yi gaskiya. To ka yi gaskiya, Bawa. Ga ta nan, ɗauki abinka."

Ta nuna masa tulin jar ƙasar da ke kan kafet. Da zagi ne irin na Alhaji, da Bawa ya san yadda zai ɗauke shi ya ajiye ya yi wata bakwai yana juya shi. Wannan ba shi da wurin ajiya. Ya tsuguna ya kama taya ta karkaɗe takardu. Ba ta hana shi ba, ba ta kuma sake dubansa ba. Da la'asar ta ɗaure abin da ya tsira ƙunshi biyu, ta ƙi motar Alhaji, ta tafi tasha. Bawa ya ɗauki ƙunshi ɗaya ya bi ta a baya har ta shiga mota.

Washegari ya ture aikin gadon wata amarya gefe ya shiga rumfa. Mako shida ya yi, bai rage kwana ɗaya ba. Ba kwaba ya yi ba, akwati ya yi na maɗaci, mai faɗi da murfi, mai ƙafafu dogaye da kaza za ta iya wucewa ta ƙarƙashi, ba gilashi, ba ruwan zinari. Ya kai shi Moriki da kansa. Hindu ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa, ta sa hannu ta shafa ƙasansa ta shinshina yatsunta ta ji warin baƙin mai. Ta ce a ajiye shi can nesa da bango. Ta sa aka kawo masa fura, ta tambayi lafiyar iyalinsa, ta koma wurin ɗalibanta. Bawa ya jira ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba.

Alhaji kuwa bai yi asarar ko kwana ɗaya na barci ba. Ya kira wani kafinta daga Gusau ya canza bayan kwabar da irin katakon dai, aka fesa magani. Ya aika Kano aka sayo masa littattafan bugu masu gadon baya na zinari, ya ce a auno daidai tsawon kowane layi. Har yau wasu ba a cire musu leda ba. In baƙo ya tambayi ina na Malam, sai ya sunkuyar da kai cikin tawali'u ya ce ai ya yi waƙafi da su ga makarantar matan aure a Moriki, don ilimi ba na ado ba ne. Labarin ya yi masa amfani. Ba a daɗe ba wata ƙungiya ta sa shi cikin masu ba ta shawara kan adana tsofaffin rubuce-rubuce, yana zuwa zama yana karɓar shayi.

A cikin abin da gara ta ci, mafi yawa ana iya samun irinsa a zaurukan wasu malamai, sai dai babu bayanan Malam a gefe. Guda ɗaya ne babu irinsa ko'ina: waƙoƙin wa'azi da kakan su Hindu ya yi da ajami, waɗanda matan Moriki kan rera a wurin daka a shekarun da suka wuce. Hindu ta haddace kusan rabi. Sauran ta shiga nema gida gida wurin tsofaffi. Wata Kubura, makauniya da ta haura tamanin, ta fi kowa riƙe su, sai dai ta kan haɗa baitin wannan waƙa da na waccan, kuma ba ta yarda a gyara mata. Akwai baitin da Kubura da wata tsohuwa Uwani suka yi kwana uku suna ja a kansa, kowace na rantsuwa haka ta ji shi daga bakin mai shi. Hindu ta gaji, ta rubuta duka biyun, ɗaya a layi ɗaya a gefe, ta sa sunan kowace a ƙarƙashin nata. Kubura ta ce a karanta mata ta ji wanne aka sa a layi. Da ta ji nata ne, ta ce to a ci gaba, akwai saura goma sha biyu kafin a kai wurin da ake maganar kabari.